ABU Zariya ko BUK Kano: Wacce Za Ka Sa a Zaɓin Farko?

Duk shekara da zarar JAMB ta fara sayar da fom, gardama ɗaya ce ke tashi a gidaje da majalisu tun daga Katsina har Bauchi: yaro ya cike Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne, ko Jami'ar Bayero ta Kano? Sau da yawa kuma abin da ake yanke hukunci da shi bai taka kara ya karya ba. Baba a Zariya ya yi, don haka ɗa ma Zariya. Ko kuwa akwai gwaggo a Rijiyar Zaki, to a nufi Kano. Gwaggon tana da muhimmanci, za mu zo kanta, amma ba daga wurinta ake farawa ba. Daga kwas ɗin da kake so ake farawa, sai makin da ke hannunka, sai harabar da za ka zauna shekara huɗu ko biyar ko shida, sai ƙarfin aljihun mai ɗaukar nauyinka. Suna shi ne na ƙarshe, domin duka biyun na gwamnatin tarayya ne, hukumar NUC ɗaya ce ke tantance kwasa-kwasansu, kuma babu ma'aikatar da za ta raina takardar ɗayansu.

Tushensu ma ɗaya ne. An buɗe ABU ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne uban jami'ar na farko, kuma an kafa ta ne don ta samar wa Jihar Arewa gaba ɗaya injiniyoyi da malaman gona da alƙalai da ma'aikatan mulki. BUK kuwa ta faro ne a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin ABU, sannan ta tsaya da ƙafarta a 1977. Wannan tarihin har gobe yana bayyana a inda kowacce ta fi ƙarfi.

Abin da ya sa zaɓin ya zama na gaske shi ne, jami'o'in nan biyu masu neman su sun ninka gurabensu, saboda haka wanda ya sa su a zaɓi na biyu kusan ba a ko duban sunansa. Sa ABU a farko BUK a na biyu bai ba ka dama biyu ba. Dama ɗaya ce, sai dai idan daga baya ka je cibiyar JAMB ka biya kuɗin canjin makaranta kafin a rufe tantancewa.

Maki da gurbi

Jarrabawar UTME darasi huɗu ce, maki 400. Mafi ƙarancin makin da jami'a ke sanarwa, wanda a 'yan shekarun nan yakan kama 180 ko kusa da haka, izinin shiga tantancewa ne kawai, ba gurbi ba ne. Kowane sashe yana jera masu nemansa daga sama zuwa ƙasa, ya ɗebi adadin da zai iya ɗauka, ya yanke. A likitanci da lauya da harhaɗa magunguna da aikin jinya, adadin ma ba a hannun jami'a yake ba. Hukumomin sana'ar ne ke ƙayyade wa kowace makaranta iyakarta: MDCN ga likitoci, Majalisar Koyar da Aikin Lauya ga lauyoyi. Makarantar da ta wuce ƙa'ida ɗalibanta ne za su sha wahala a ƙarshe, wajen rantsarwa ko tafiya makarantar horar da lauyoyi. Don haka mai maki 200 da ya cike likitanci a ABU ko a BUK bai zaɓi jami'a ba, ya zaɓi zaman gida na shekara guda ne.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin da jami'ar ke yi wa hidima kai tsaye, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. A nan ne bambancin jami'o'in biyu ke shafar lissafinka. Masu neman BUK mafi yawansu daga Kano da Jigawa da Katsina suke, kuma Kano jiha ce mai ɗimbin jama'a, don haka Bakano mai matsakaicin maki yana gogayya ne da dubban 'yan jiharsu a kan kwas ɗaya. ABU kuwa daga ko'ina ake nemanta, Binuwai, Kogi, Kwara, Filato, Borno, har da kudu, saboda haka layin masu babban maki ya fi tsawo, amma rabon jihohi ya fi bazuwa. Kafin ka cike, nemo ɗalibin da ya shiga sashen da kake so bara ko bara waccan daga jiharku, ka tambaye shi makin da ya shiga da shi. Wannan lambar ta fi duk abin da za ka gani a tallan 'yan kafe amfani.

Akwai kurakurai huɗu da ke hana masu maki mai kyau gurbi, kuma ba ruwansu da Zariya ko Kano. Na farko haɗin darasi: mai son injiniya sai ya rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, mai son likitanci Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, mai son lauya galibi sai da Adabin Turanci, da kuma kiredit a cikinsa. Na biyu rashin ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB. Ɗorawa a shafin jami'a bai wadatar ba, idan babu shi a CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbi, jami'a ba za ta iya miƙa sunanka ba ko da kai ne na ɗaya. Na uku saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambar NIN da takardar sakandare. Na huɗu, an ba ka gurbi amma ba ka shiga CAPS ka karɓa cikin wa'adi ba. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, shi ne gindin komai, kuma a likitanci akan nemi a kawo su a zama ɗaya. Yadda ake tantancewa bayan UTME kan canza daga shekara zuwa shekara, wani lokaci jarrabawar kwamfuta, wani lokaci duba takardu, don haka sanarwar jami'ar ta wannan shekarar kaɗai za ka bi.

Inda kowacce ta fi ƙarfi

Idan noma ko kiwo ko likitan dabbobi kake so, Zariya ta fi, kuma dalilin ba tsufa kaɗai ba ne. A Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR take, wadda irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu ɗauke da sunan SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA suka fito daga hannunta. A Shika akwai NAPRI mai binciken dabbobi, ga kuma NAERLS mai kai sakamakon bincike ga manoma. Ɗalibin gona a can yana da filin gwaji da garke da masu bincike a bakin ƙofarsa, kuma Tsangayar Likitan Dabbobi tana aiki tun shekarun 1960 da asibitin koyarwarta. BUK ma ta yi yunƙuri mai kyau a wannan fannin ta hanyar Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa, wato CDA, wadda ke cikin cibiyoyin Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, sai dai amfaninta ya fi bayyana ga masu digiri na biyu da na uku.

Haka abin yake a zanen gine-gine, ƙiyasin gini, tsara birane, zane-zane da ƙere-ƙeren fasaha. Wasu daga cikin waɗannan sassan na ABU sun girme jami'ar kanta, domin an gaje su ne daga tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru kafin 1962, kuma tsofaffin ɗalibansu sun cika ma'aikatun ayyuka da kamfanonin gini na ƙasar nan. A sana'ar da ake samun aiki ta hanyar wanda ya san ka, wannan ba ƙaramin jari ba ne. Injiniya ma ABU ta fi yawan rassa da daɗewa, musamman injiniyan sinadarai, na ƙarafa, na albarkatun ruwa da na saƙa. Mai sha'awar kimiyyar nukiliya kuwa, a cibiyar CERT ta ABU ne na'urar binciken nukiliya ta Najeriya take tun 2004. Amma ɗalibin injiniya ya sa wannan a ma'auni: a aji huɗu zai fita koyon aiki na wata shida, kuma a Kano akwai masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa da zai iya zuwa daga ɗakinsa, alhali na Zariya sau da yawa sai ya koma Kaduna ko Kano ko Abuja ya sake neman wurin kwana.

Ta ɓangaren Kano kuma, aikin jarida da sadarwa nan ne gidansu. BUK tana da tsangaya guda sukutum ta sadarwa da gidan rediyonta, kuma garin cike yake da gidajen rediyo da talabijin da masu shirya finafinai. Ɗalibin da ke da himma yana iya fara karanta labarai ko tace murya tun yana aji biyu, ya fita da digiri da kuma gogewa. Larabci, Nazarin Addinin Musulunci, Hausa da sauran harsunan Najeriya su ne asalin jami'ar, ga cibiyar nazarin harsuna da fassara, ga ta nazarin Alƙur'ani, ga cibiyar koyar da harkar banki bisa tsarin Musulunci. Kasuwanci da akanta suna da kyau a duka biyun, harabar ABU ta Kongo ta yaye akantoci da ma'aikatan mulki masu yawa tun kafin a kafa yawancin jami'o'in Arewa, amma wanda ke son ya haɗa karatu da kasuwa, Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba su da na biyu a Zariya.

Lauya tana buƙatar kulawa ta musamman wajen cike fom. A ABU digiri biyu ne daban, na dokar ƙasa da na shari'ar Musulunci, kowanne da gurabensa da sharuɗɗansa, kuma duka a Kongo ake yin su. A BUK an haɗe dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. Wanda ba shi da tushe a Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ya karanta sharuɗɗan da kyau kafin ya zaɓa, wanda kuma yake da tushen ya sani cewa yana da ƙofar da wasu ba su da ita.

A likitanci ba zan fifita ɗaya a kan ɗaya ba. ABU ta fara tun shekarun 1960, asibitin koyarwarta yana Shika. BUK ta fara a shekarun 1980, tana amfani da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda ke tsakiyar birni mai cunkoso, marasa lafiya iri-iri ba sa yankewa. Abin da ya kamata mai son aikin asibiti ya lura da shi shi ne sauran kwasa-kwasan lafiya. BUK ta daɗe tana koyar da gashin ƙashi, tana da likitan haƙori, awon ido, ɗaukar hoton cikin jiki da gwaje-gwajen asibiti. Yaron da makinsa bai kai likitanci ba amma ya haura na sauran kimiyya, gara ya cike ɗaya daga cikin waɗannan kai tsaye da ya jira a jefa shi kwas ɗin da bai taɓa tunani ba. Harhaɗa magunguna kuwa ta ABU ce tsohuwa, kuma ta fi kafuwa.

Ina za ka kwana, ina za ka yi lakca

Mutane kan ce "ABU" ko "BUK" kamar wuri ɗaya ne, alhali kowacce a warwatse take. Samaru ita ce babbar harabar ABU, a kan hanyar Funtuwa, nesa da birnin Zariya. Gari ce mai zaman kanta: kasuwa, bankuna, masallatai, coci-coci, filayen wasa, madatsar ruwa, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a tsakiya. Ɗalibi na iya yin wata guda bai fita ƙofa ba. Kongo kuwa tana cikin gari kusa da Tudun Wada da Gyallesu, ƙarama ce, kowa ya san kowa, ɗakin karatunta shi ne na Shugaba Kennedy. Wanda ya samu lauya ya kama ɗaki a Samaru saboda can abokansa suke, ya ɗora wa kansa kuɗin mota da makara na shekara biyar.

BUK ma haka. Tsohuwar jami'a tana jikin ganuwa, tsakanin Kabuga da Ƙofar Dukawuya, nan ne yawancin sassan kimiyya da matakin farko na karatun lafiya suke. Sabuwar jami'a tana kan titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, nan ne injiniya, gona, ilimi, lauya, sadarwa, kwamfuta da kimiyyar zamantakewa. Masu karatun asibiti daga baya su koma titin Zariya. A ajin farko akan samu ɗalibin da ke da lakca a tsohuwa da safe, wata a sabuwa da rana, kuma motar jami'a ba kullum take isar kowa ba. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, adaidaita sahu ce abin hawa, kuɗinta kuwa ya bi farashin fetur tun 2023. Tambayar farko bayan samun gurbi ita ce: a wace haraba sashena yake, kuma ina ake yin darussan aji ɗaya?

Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibai a ko'ina cikin biyun. A Samaru akwai Amina da Ribadu na mata, Ɗanfodiyo da Akenzuwa da ICSA da Ramat na maza, da rukunin da Gidauniyar Ɗangote ta gina. A Kongo akwai Ali Akilu da Tafawa Ɓalewa. A BUK akwai Nana a tsohuwa, Hasiya Bayero da Gambo Sawaba da Sa'adu Zungur da El-Kanemi a sabuwa. Ta intanet ake kama gado, sai wanda ya gama biyan kuɗin rijista, kuma sukan ƙare cikin ɗan lokaci bayan an buɗe shafin. Abin da ke jawo wa sabon ɗalibi rasa gado kusan kullum ɗaya ne: an jira sai albashi ya shigo kafin a biya rijista, kafin nan an rufe. Duk gidan da ke sa ran gurbi ya tanadi kuɗin rijista tun kafin sunaye su fito. Sayen gado a hannun wani ɗalibi da raɓewa a ɗakin aboki abubuwa ne da aka saba gani, amma duka laifi ne a dokar jami'a, kuma idan aka kama, mai saye da mai sayarwa ne ke kwana a ciki.

Wanda ya rasa gado sai haya. A Zariya ana kama ɗaki a cikin Samaru, Hayin Dogo, Ɗanraka, Bomo, Zango ko Palladan. A Kano kuwa Ɗanbare, Rimin Gata, Rijiyar Zaki, Janbulo, Ɗorayi ko Kabuga. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali. Kafin a ba da ko sisi a duba abu uku da ido: ina ruwa yake, rijiya ce ko burtsatse ko sai an saya wurin 'yan garuwa, mita nawa ce a gidan kuma mutum nawa ke raba kuɗin wuta, sannan da damina hanyar tana biyuwa ko kuwa. Ɗakin da ya yi araha a watan Janairu yana iya zama wanda ba a isa gare shi sai an tuɓe takalmi a watan Agusta. A dunƙule haya da abinci sun fi sauƙi a Samaru fiye da unguwannin da ke kewaye da sabuwar BUK, kuma mai zama a Samaru yana iya takawa da ƙafa zuwa aji.

Yanzu ga maganar gwaggo. Ga ɗan Kano, ko wanda ke da gidan 'yan'uwa na jiki a can, BUK na iya rage rabin ɗawainiya: babu haya, babu cefane. Ga matar aure ko budurwar da iyayenta ba za su yarda ta yi nisa ba, sau da yawa wannan ne bambanci tsakanin yin digiri da rashin yinsa, kuma dalili ne mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Amma a yi lissafin da gaskiya. Mai tasowa daga Hotoro ko Kurna ko Na'ibawa zuwa sabuwar jami'a zai hau adaidaita biyu ko uku kafin ya isa, ya kuma maimaita da yamma. Lakcar ƙarfe takwas tana nufin fita tun gari bai gama wayewa ba. Idan ya dawo ga aike, ga shago, ga biki, ga gaisuwar mutuwa, kuma babu wanda zai ɗauke shi a matsayin mai karatu tunda kullum ana ganinsa a gida. Ɗalibai da yawa masu ƙoƙari a nan makinsu ke zubewa. Idan za a yi karatu daga gida, a yi yarjejeniya tun farko cewa daga Litinin zuwa Juma'a yaron nan ba ya nan, kuma lokacin jarrabawa a bar shi ya kwana kusa da makaranta.

Zariya tana da nata haɗarin, kishiyar wannan. Yaron da bai taɓa kwana a wajen gida ba ya samu kansa babu mai tashinsa asuba, babu mai tambayarsa ina ya je. Wasu wannan 'yancin ne ke gina su, wasu shi ke rusa su a zangon farko. Sai dai akwai ribar da Samaru ke bayarwa wadda ba a rubuta ta a takardar digiri. Abokin ɗakinka yana iya zama Tibi ko Igala ko Bayarabe, dole bakinka ya saba da Turanci, dole ka koyi zama da wanda addininku da abincinku ba ɗaya ba. A BUK kana iya wuni ba ka yi Turanci ba sai a cikin aji. Wannan yana sa sabon zuwa ya sake da wuri, amma wanda ya san Turancinsa na da rauni, kuma yana hangen aiki a Abuja ko Legas, ya san cewa a Kano sai ya tilasta wa kansa abin da a Zariya zama ne zai koya masa.

Yanayi ma ya bambanta duk da tazarar ba ta fi tafiyar awa biyu zuwa uku ba. Zariya ta fi tudu, ta fi ruwan sama, sanyin hunturunta a Samaru yana shiga ƙashi, sai da bargo da rigar sanyi ta gaske. Kano kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, ɗakin da ke da mutum shida babu wuta ba ya karantuwa da rana. An ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da hasken rana a BUK a 2019, amma a ko'ina ka samu kanka kada ka zo babu fitila mai caji da abin cajin waya.

Yadda maki ke taruwa, da yadda yake zubewa

Tsarin ɗaya ne a duka biyun. Maki 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da haka faɗuwa. Ana ninka darajar da nauyin kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar nauyin da ka yi rijista, abin da ya fito shi ne CGPA ɗinka. Daga 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama. Kashi 30 ko 40 na makin kowane kwas daga gwaji da aikin gida yake fitowa, kuma doka ta ce sai ka halarci kashi 75 na lakca kafin ka zauna jarrabawa.

Ga abin da sabon ɗalibi ba ya ganewa sai ya makara. A ce kwas ɗinka na shekara huɗu ne, kowace shekara nauyi 40. Idan ka gama aji ɗaya da 2.00, ka tara maki 80. Don ka fita da 3.50 kana buƙatar 560 a kan nauyi 160, wato saura 480 a cikin nauyi 120 da suka rage. Ma'ana sai ka riƙe 4.00 cif a kowace shekara har uku, a lokacin da darussan suka fi tsauri. Kuma kwas ɗin da ka faɗi ba ya gogewa: sifilin yana nan a lissafi, za ka sake ɗaukarsa baɗi, ya ci maka gurbi a cikin iyakar nauyin da aka yarda ka yi rijista a zango, wataƙila ma lokacinsa ya ci karo da wata lakcar. Idan sharaɗi ne ga wani kwas na gaba, shi ma ya tsaya. Haka ake samun ƙarin shekara. A ajin farko na kimiyya a duka jami'o'in, ɗaruruwan ɗalibai ne a zaure ɗaya, na baya ba ya jin malami sosai, don haka zuwa da wuri, tsofaffin takardun tambayoyi, da darussan bita da ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN da na sassa ke shiryawa kyauta, su ne ke fitar da mutum.

Yajin aikin ASUU bai bambanta su ba. Na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma duka biyun an rufe su. Mai biyan haya ya sa a ransa cewa mai gida ba ya rage kuɗi don an yi yaji. Kuɗin rijista ya tashi sosai a jami'o'in tarayya tun 2023, kuma ya danganta da kwas, na lafiya da injiniya sun fi tsada. Asusun lamunin NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai ka zama cikakken ɗalibi mai lambar rijista kafin ka nema, saboda haka kuɗin shigar farko dai sai gida ya nemo.

Idan gurbin bai samu ba, ABU ta fi yawan ƙofofin baya na halal. Ita ce ke kula da jarrabawar IJMB, karatun kusan shekara guda a darasi uku wanda ke kai mutum aji biyu kai tsaye ta fom ɗin DE (Direct Entry) na JAMB, kuma BUK ma tana karɓarsa. Tana da makarantar share fage a Funtuwa, sai dai ɗalibinta ma sai ya rubuta UTME ya zaɓi ABU. Mai NCE ko difloma mai kyakkyawan sakamako shi ma DE zai cike. BUK tana da makarantar karatun wucin gadi a kan titin Aminu Kano don ma'aikata da 'yan kasuwa, amma wanda ya gama ta wannan hanyar ba ya tafiya hidimar ƙasa, takardar keɓewa ake ba shi.

Shawarar da ta fi cutar da yara ita ce "karɓi duk abin da aka ba ka, in ka shiga ka canza". Canjin kwas sai bayan shekara guda, sai CGPA ɗinka ya kai abin da sashen da kake nema ya gindaya, sai akwai gurbi, sai sashenka ya sake ka wancan ya karɓe ka, kuma sai darussan UTME da na sakandarenka sun dace da sabon kwas ɗin. Zuwa likitanci ko lauya ko harhaɗa magunguna ƙofar kusan a rufe take saboda ƙayyadadden adadin nan. Komawa daga BUK zuwa ABU ko daga ABU zuwa BUK ya fi wannan wuya, kuma yakan jawo maimaita aji. Wanda kuma ya yi nasarar canzawa, ya tabbata an gyara bayanansa a wurin JAMB tun yana aji biyu, domin idan kwas ɗin da ke takardar gurbinsa ya saɓa da wanda ya kammala, sunansa zai maƙale lokacin tura ɗalibai hidimar ƙasa.